Diddige a Ƙasa

Duk sanda na ji ƙwallo tana dukan siminti, tam, tam, tam, kakata nake tunawa. Kar ka yi dariya, mai karatu. Tsohuwar nan har ta koma ga Allah ba ta taɓa kallon ƙwallon kwando ba, amma ina gaya maka ita ta shigar da ni ekip, wato ƙungiyar 'yan wasa.

A unguwar Briqueterie na tashi, a wani gida bayan layin masu soya, inda hayaƙin nama da yaji yake kama har kayan makarantarmu. Ina shekara goma sha huɗu na fi babana tsawo, na kuma sa wa raina sai na shiga ekip ɗin makarantarmu. Gwaji sau ɗaya ake yi, da an dawo daga dogon hutu. Wanda aka bari, sai baɗi.

Ni a ganina ƙarfi ne maganin komai. Na samo manyan gwangwanayen madara biyu, na cika su da siminti, na soka rodi a tsakaninsu. Safe da yamma ina ɗagawa a bayan madafa. Damtse ya fito, ƙirji ya buɗe, ina tafiya hannuwa a ware. Ƙarƙashin kwando kuwa, ko mutum biyu ba sa ture ni.

Sai ranar da muka je atisaye a wani fili a Tsinga. Wani siririn ɗan ajinmu daga Elig-Edzoa ya riƙa wuce ni kamar an kafa ni a wurin. Ya yi hagu, kafin in juya ya bi dama ya jefa. Sau huɗu! Kocinmu, mutumin Garwa ne mai Hausa da gargadar Fulatanci, ya busa usur ya kira ni, ya fara min da Faransanci.

"Tu es raide! Ƙarfi kana da shi, amma ka sandare. Wanda ba ya iya yin ƙasa ba ya juyawa, ba ya tashi da sauri. In haka ka zo gwaji, ba ni da wurinka."

Na koma gida raina a ɓace, ban gaya wa kowa ba.

Washegari na shiga gaida kakata. Tana bakin ƙofar ɗakinta a tsugune tana tsince shinkafa. Na ɗan rusuna a tsaye na ce ina kwana.

"Maigida," haka take tsokanata, "gaisuwa ce wannan ko takalmi ka sunkuya ɗauka? Tsuguna."

Na tsuguna, diddigena ya ƙi taɓa ƙasa. Da na matsa masa, sai ga ni tim a kan buta. Ta yi dariya har da tari.

"Kai, tir! Ƙirji kamar ƙofar zaure, amma tsugunno ya gagare ka? Daga yau ba na amsa gaisuwarka sai diddige a ƙasa, baya a miƙe."

Ka san gaisuwarmu ba ta da gaggawa, ita kuma ta ƙara mata tsawo da gangan. Ina gajiya, ya ruwa, ya babanka da ka rabu da shi yanzu a tsakar gida, ya 'yan uwanmu na Ekoudou ɗaya bayan ɗaya. Da ta ga diddigena zai ɗaga, sai ta tambaye ni lafiyar akuyar maƙwabta. Damina ce, ruwa yana dukan kwano, jar laka ta cika tsakar gida, ni kuma ina tsugune ƙwaurina yana zafi kamar an zuba barkono. Wallahi a satin farko haushinta nake ji.

A hankali idon sawu ya saki, ƙugu ya buɗe. Ban yar da gwangwanayena ba, sai dai na koma saɓa su a kafaɗa, in tsuguna har ƙasa in tashi da su. A nan na gane ƙarfin da na tara ba banza ba ne, hanyar fita ce ya rasa.

Ranar gwaji koci ya haɗa ni da siririn nan. Na yi ƙasa, tafin ƙafa ya kama siminti. Ya yi hagu, ina nan. Ya koma dama, ya tarar da ni. A karo na uku na fizge ƙwallon, taku ɗaya na bar shi a baya. Nan take koci ya rubuta sunana.

Da gudu na shigo gida, tun daga zaure nake ihu an ɗauke ni. Kakata ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Tsuguna tukuna," ta ce.

Yau ni ne koci. Yaran yanzu suna da takalman da ban yi mafarkinsu ba, suna kallon atisaye a waya, gaisuwarsu kuma a tsaye, bonjour su wuce. Yawancinsu ba sa iya tsugunawa diddige a ƙasa. Shi ya sa a filina ba mai taɓa ƙwallo sai sun kewaye ni a tsugune mun gaisa, ina tambayarsu lafiya gida-gida. Suna gunaguni, ni kuwa kewar tsohuwar nan ce take cika min ƙirji. In na ga diddigen wani ya fara ɗagawa, sai in tambaye shi lafiyar akuyar maƙwabta.