Mudu Shida da Tukunyar Cheras

Ana sallame sallar asuba muka fita daga unguwarmu Taman Melati, ni da ƙanwar maigidana da take karatu a wata kwaleji nan Setapak. Tukunya na fita nema. Na baro gero mudu shida a jiƙe a kicin, geron da aka ɗauko min tun daga Kano a cikin akwati, kuma ba ni da wani bayansa. Washegari walimar maigidan ce, ya kammala digirinsa na uku, an gayyaci mutum tamanin, ni kuma na yi alkawarin kunun zaki.

Dalilin da ya sa na tayar da hankalina shi ne abin da ya faru da Sallar bara. Tukunyata ta yi kaɗan, ina sheƙa tafasasshen ruwa a kan ƙullun ya yi ambaliya, rabi ya tafi ƙasa. Abin da ya saura na tsinka shi da ruwa don ya isa. Wata Hajiya ta unguwar Danau Kota ta kurɓa, ta dube ni a gaban mata ta ce, "Maman yara, ruwan wankin geron kika kawo mana?" Shekara guda ke nan maganar tana cina.

Yarinyar nan, ƙanwar maigidan, ita ce ta samo wani shago a wayarta. Ta nuna min hoton wata tukunyar ƙarfe mai famfo a gindi da rariya a ciki, ta ce, "Anti, wannan ko tata ba sai kin yi ba." Na tambaye ta me ake dafawa a ciki, ta ce hatsi. Ban ƙara bincike ba, laifina ke nan.

Jirgin LRT ya cika da masu zuwa aiki, kowa ya dunƙule a kan wayarsa, sanyin na'ura kuma har cikin ƙashi. A Pasar Seni muka sauya zuwa jirgin MRT, muka samu taragon mata, na ɗan miƙe ƙafa. Da muka sauka a Cheras muka tsaya a wani mamak, shagon abincin Indiyawa Musulmi, muka karya da gurasarsu ta roti da shayi mai kumfa. Mu biyu bai kai ringgit goma na kuɗinsu ba. Shayin nasu dai sukari ne aka ɗiga wa ganye.

Shagon tukunyar yana hawa na biyu, a saman wani garejin babura. Muna shiga na ji ƙamshin da na sani, ƙamshin tsiro. Buhunan sha'ir ne a jere, an tsirar an busar, kamar yadda muke tsirar da hatsi don kunu ya yi zaƙi. Raina ya yi fari, na ce lallai mun zo gidan masu abin.

Mai shagon wani dattijo ne ɗan Sin, mai fara'a. Tukwane uku ya nuna min, ta lita talatin, ta hamsin, da ta saba'in. Na ɗora hannu a kan ta hamsin. Ya ce in dakata, hatsina kilo nawa ne? Na ce mudu shida. Ya dubi yarinyar, ita ma ta dube ni. Allah ya sa na taho da mudun a jaka. Ya karɓa ya juya shi, ya cika da hatsinsa, zai shafe bakin na riƙe hannunsa, na nuna masa yadda ake tozo. Ya auna, ya ce kilo takwas ke nan gaba ɗaya.

Daga nan ya tambaye ni yadda nake yi. Na bayyana masa cewa ana markaɗawa, a raba ƙullun biyu, a dama babban kason da ruwan zafi, in ya sha iska a zuba ɗanyen, a rufe ya kwana. Yana ta gyaɗa kai kamar wanda ya tashi a Fagge. Ya ɗauki biro ya lissafa ruwan da zan zuba, ya ƙara wurin da hatsin kansa zai ci, sannan ya ce a bar taƙi guda a sama don juyawa. "Ta hamsin za ta cika har baki, Madam. Sai dai ta saba'in." Shekara ashirin ina kunu da ido, ba wanda ya taɓa gaya min hatsi ma yana da nasa wurin a tukunya. Ashe abin da ya kayar da ni bara ke nan.

Har na buɗe jaka, sai ya ce wane irin yis nake sakawa, kuma sati nawa nake barinsa kafin ya yi ƙarfi. Na ce ƙarfin me? Ya nuna bango. Sai a lokacin na lura da hotunan kofuna masu kumfa, irin hoton da ke manne a jikin kowace tukunya. Shagon kayan haɗa giya ne.

Ni da hijabina har ƙasa, matar malami, na yi rabin awa ina koyar da mai giya damun kunu. Na juya kan yarinyar na ce, "Ke, Turancin da ake biya miki kuɗin makaranta a kansa, hoto kawai yake karantawa?" Ta ce, "Anti, ai sabuwa ce, ba a taɓa dafa komai a ciki ba." Gaskiya ta faɗa, shi ya ƙara min haushi. Amma in ɗora tukunya mai tambarin giya a walimar mijina, Hajiyar Danau Kota tana kallo? Ko kyauta ce ba na so.

Dattijon bai ji haushi ba. Ya yage takardar lissafin ya miƙo min, ya kwatanta mana wani kedai, wato kanti, na kayan masu abinci a layin baya. Muna bakin ƙofa ya ce, "A shanye shi a ranar, Madam. Da zafin garin nan, in ya ƙara kwana biyu ya zama sana'ata." Na cusa takardar a jaka muka sauka.

A kedai ɗin muka sayi ta saba'in, ba famfo, ba hoto. Ba ta shiga jirgi da daɗi, dole muka ɗauki tasi, tana kujerar gaba mu muna baya.

Ranar walima kunu ya yi kauri, ya yi zaƙi, ko ɗigo bai zuba ba, kowa ya sha har da ƙari. Abin da tafiyar ta koya min, ba na ƙara bin hoton waya, kuma ba na ƙara dama gero ban lissafa ba. Hajiyar ta shanye kofi uku, ta cika gora biyu za ta yi tapau, wato ta tafi da su gida, wai ta ajiye wa maigidanta da zai dawo daga tafiya jibi. Na ce ta shanye yau, ko ta saka a firji tana isa. Ta ce wa ya koya min wannan awon da wannan ƙa'idar.

Na ce wani malami ne a Cheras. Ta ce Allah ya ƙara masa ilimi mai amfani. Na ce amin, Allah kuma ya shirye shi.