Mai Buroshi da Layi na Bakwai

Kafin masu shara su gama da harabar sakatariyar ƙaramar hukuma, shi ya riga ya jingina kekensa da katanga, ya sauke gwangwanin fenti biyu, baƙi da fari, ya tsoma buroshinsa cikin kananzir. Ba ya shiga ofis, don ba shi da shi. Wurin aikinsa wani ƙaton allon katako ne a bakin ƙofa, inda ake jera alkawuran zaɓe na duk shugaban da ya hau, layi-layi, a bar fili a gefen dama don a rubuta inda aka kwana. Abu uku kaɗai ke shiga filin nan: An fara, Ana kai, An kammala. Shekara talatin da biyar hannu ɗaya ke rubuta su. Sunansa na yanka yana cikin fayil, amma a gari Mai Buroshi aka sani, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Yana da wata ɗabi'a da sababbin ma'aikata ke yi wa dariya, tsofaffi kuwa su kau da kai. Kullum safiya, bayan ya gaisa da mai gadi, sai ya taka tsani ya ɗora tafin hannunsa a kan layi na bakwai, kamar uwa tana duba zazzaɓin ɗanta. Mai gadi ya taɓa gwadawa da bazara, rana tana ƙuna, ya rantse wurin da sanyi da danshi ya ji shi. Bai sake gwadawa ba.

Daga nan sai Mai Buroshi ya hau keke ya shiga gari, domin duk abin da bai taɓa da hannunsa ba, ba ya rubuta shi. Sakatare ya aiko da takarda mai hatimi ko biyu, shi dai sai ya je.

'Yan kasuwa sun shaida. Da shugaban yanzu ya gina rumfuna arba'in kamar yadda ya alkawarta, Mai Buroshi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana buɗe ƙofa yana rufewa, yana leƙa rufi ko zai hango sama. Ya koma ya rubuta Ana kai. Sai ranar da ya ga an zuba kaya, ana ciniki har da faɗa a kan canji, sannan ya rubuta An kammala, da haruffa masu ƙiba don murna. Haka ya yi da aka kwashe bolar bayan makaranta: sai da ya tone ƙasar da sanda ya tabbatar ba binne shara aka yi ba.

Masu wanki a bakin titi ma sun shaida ranar bishiyoyi. An wayi gari titin asibiti ya yi kore shar, bishiya ɗari a tsaye, kowacce ta kai tsawon mutum, alhali jiya ko ciyawa babu. Tsuntsu ko ɗaya bai sauka a kansu ba. Mai Buroshi ya tsaya ya dube su, ya kama ta farko ya ja a hankali, sai ga ta a hannunsa, gindinta sassaƙaƙƙe kamar fensir. Rassa ne ɗan kwangila ya saro ya kakkafa.

"Baba, ka bar su mana ko hoto a ɗauka," in ji wata mai wanki, tana dariya.

"Ki ɗauka da sauri, 'yata," ya ce. "Jibi itacen girki ne."

Asibitin unguwa kuwa, wanda har yau ke kan Ana kai, shi kaɗai ya shiga da rana tsaka. Gadaje goma sha biyu a shimfiɗe, ba wanda ya taɓa kwanciya. Agogon bango yana tafiya daidai a ɗakin da aka kulle wata shida. Ya murɗa famfo, ruwa bai zo ba, sai wani dogon numfashi, kamar na mai barci da aka juya. Ya rufe, ya ce a yi haƙuri, ya fito. Da aka tambaye shi wa ya ba haƙuri, ya ce shi ma bai sani ba.

Mai Buroshi, kai ne mai jan bishiya ka ga saiwa. Kai ne ka sa manya suka koyi tambayar, "Tsohon nan ya je ya gani?" kafin su kira 'yan jarida. Amma ba haka ka fara ba, kuma kai da bakinka ka ce in za a yabe ka a haɗa da wannan.

Shekara ashirin da ɗaya da suka wuce, Mai Buroshi abin da aka miƙo masa yake rubutawa. A layi na bakwai akwai gadar da za ta haɗa kasuwa da unguwar tsallaken kwari. Wata safiya aka ba shi takarda, ya hau tsani ya rubuta An kammala. Fentin bai bushe ba sai ga yayarsa, wadda ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, da kwandon kayan miya a ka. Ba ta iya karatu ba, amma ta san hannun ƙanenta ko daga nesa.

"Auta, me ka zana yau?"

"Gadar unguwarku ce, Yaya. An kammala."

"To madalla! In dai hannunka ne, shi ke nan. Yau ƙafata ta huta da zagaye."

Da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ashe gadar katako ne aka shimfiɗa aka zuba ƙasa a kai, aka shafa siminti a baki-baki. Kwandon aka fara gani, ya maƙale a wani reshe. Ita kuwa sai washegari aka ga gawarta.

Bayan kwana uku ya zo ya shafe kalmomin nan biyu da farin fenti. Da damina ta zagayo, suka fito. Ya sake shafewa, rufi uku. Suka sake fitowa, dishi-dishi, daga ƙarƙashin farin. Ya san bayanin, aikinsa ne: baƙin fenti mai mai ne, farin kuwa na ruwa, danshi na tona shi. To amma sau shida yana shafe allon nan gaba ɗaya bayan zaɓe, ya binne ɗaruruwan kalmomi da fentin nan, ba wadda ta taɓa dawowa sai waɗannan. Kuma duk shugaban da ya zo sai ya yi alkawarin gadar, ita kuma sai ta faɗo a layi na bakwai kamar ta gaji wurin. Tun rasuwar yayarsa bai sake bin hanyar kwarin ba, sai bara da aka fara aiki.

Gaskiya a faɗe ta, majalisar yanzu ta gina gadar, da rodi da kankare. Mai Buroshi ya rubuta Ana kai da ƙananan haruffa a can gefe, ya bar tsakiyar fili fari. A watan jiya aka ce masu duba ayyuka za su zo daga gwamnatin jiha ranar Alhamis. Sakatare ya sauko da kansa har gindin tsani, abin da bai taɓa yi ba.

"Malam, ka je ka gani. An ce har ƙarƙashi ka shiga kana ƙwanƙwasa ginshiƙi. Me ya rage?"

"Ruwa, ranka ya daɗe. Ba a yi babban ruwa ba tukuna."

"Wato sai mu ce wa baƙi su jira hadari?"

"Ni dai ban ga ta tsaya wa ruwa ba."

Sakatare ya sassauta murya. "Takardar ritayarka tana kan teburina. Saura mako shida ka tafi da mutuncinka. Kar ka sa in rubuta maka ta ƙin bin umarni, a sallame ka ta ƙofar baya bayan shekara talatin da biyar."

Tsohon ya ji tsoro, kada wani ya ce bai ji ba. Ya ɗaga buroshi, ya dubi farin filin, ya daɗe, sannan ya mayar da shi cikin kananzir.

Ranar Laraba aka bugo An kammala a inji, aka manna a wurin da gam. Alhamis da safe aka tarar da takardar a ƙasa, ta jiƙe sharkaf, ga shi ko yayyafi ba a yi ba. Mai gadi ya ce a kawo duk abin da ake rantsuwa da shi, bai taɓa ta ba. Baƙi suka zo suka karanta Ana kai, suka rubuta a littafinsu, suka tafi. Kafin azahar takardar tuhuma ta iso hannun Mai Buroshi.

Kwana tara bayan nan, da hantsi, gari ya yi baƙi. Ya bar kekensa ya tafi bakin kwari a ƙafa, ya tsaya cikin ruwan ba laima. Mutanen da suka fake a rumfuna suna kallonsa. Kwarin ya cika ya kawo, ja wur, ya ɗauko wani ƙaton kututture ya maka wa ginshiƙin tsakiya, har ƙasa ta amsa. Kututturen ya juya ya wuce. Gadar ko gezau.

Ya dawo sakatariya yana ɗigar ruwa, ya taka tsani. Mai gadi, da ke riƙe masa ƙafar tsanin, ya ce da idonsa ya gani: kalmomin nan biyu sun fito baƙi ƙirin, da rubutun hannunsa na wancan lokacin, har da 'yar lanƙwasar da ya daina yi wa harafin ƙarshe. Mai Buroshi ya goge wurin da tsumma, ya jira ya sha iska. Bai auna ba, bai ja layi ba. Tsofaffin haruffan ya bi, ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya ce, ba da ƙarfi ba, "Yaya, yanzu kam na gani."

Shugaba ya ji labarin daga bakin mai gadi, ya aika aka karɓo takardar tuhumar ya yaga. Washegari aka ga tsohon ya ɗauko wani tsohon kwando daga gida, ya haye gadar da shi a ka, ya kai wa 'yar yayarsa a tsallake.

Mai Buroshi, mun gode. Kai ne ka mayar da kalmomi biyu abin da za a iya takawa a haye. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya jiƙan Yaya. Ku kuma da ke da biro, da hatimi, da injin bugawa, har yanzu famfon asibiti numfashi yake yi, kuma wani a cikinku za a miƙo wa takarda. Kafin ku sa hannu, ku tuna akwai mai kwando a ka da ba za ta tambaye ku ko kun gani ba. In kun biyo ta ƙofar sakatariya, ku roƙi mai gadi tsani, ku ɗora tafi a layi na bakwai. Damina ce tsaka, amma wurin a bushe yake.