Magnhild ta Tangholmen da Matar Fasto

Wanda ya ba da rai ya karɓi abinsa. Ranar Alhamis, sha biyar ga watan Mayu, da misalin ƙarfe uku na rana, Allah ya yi wa surukata Magnhild Tangholm rasuwa a gidan kula da tsofaffi da ke Sandnessjøen, tana da shekara casa'in da ɗaya. Ta bar ɗanta Eilert, wanda shi ne mijina, da 'yarta Borghild, da jikoki biyar da tattaɓa-kunne uku. An binne ta ranar Juma'ar da ta wuce kusa da mijinta Ingvald. Ni ce Solfrid. Ba na gefen gadonta sa'ad da ta cika, kuma ranar jana'iza na shigo coci da takalman roba a ƙarƙashin baƙar riga, na koma tsibiri da jirgin ruwan yamma. Na ga masu kallona. To ga dalili, amma ita zan faɗa wa, don da ita na saba magana.

Magnhild, kin tuna ranar da Eilert ya fara kawo ni tsibirin Tangholmen? Watan Mayu ne kamar yanzu, shekara talatin da takwas ke nan. Ni 'yar Hattfjelldal ce, can cikin tudu kusa da iyakar Suwidin, inda muka san daji da tumaki da dusar ƙanƙara har wuya. Abin da na sani game da teku bai wuce amai ba. Uwata ta ce ba a zuwa gidan surukai hannu rabbana, ta sa mini 'yar kyanwa a kwando, don a wurinmu gidan da babu kyanwa gidan ɓeraye ne. Eilert kuwa, Allah ya shirye shi, ya ga kwandon bai tambayi abin da ke ciki ba. Muka iso kina tsaye a kan dutse cikin shuɗiyar rigar sanyinki, na buɗe kwandon ina ta murmushi. Kyanwa, a tsibirin agwagi, a watan da suke hawowa kwanci!

Ba ki yi tsawa ba, don a watan nan ko gobara ake yi ba a ɗaga murya a Tangholmen. Cikin raɗa kika ce, "Eilert, duk tsawon lardin Nordland, daga Bindal har Andøya, wannan ka samo?" Kika rufe kwandon, kika sa shi ya kai ta babban tsibiri wurin mai kanti, kika kuma raɗa mata suna Solfrid. Shekara goma sha huɗu kyanwar nan ta yi a duniya, kuma duk ranar da kika dawo daga kanti sai kin sanar a gaban baƙi cewa Solfrid ta sake haihuwa a bayan buhun fulawa. Na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba. Sai da ta mutu na gane ni ma ina tambayar lafiyarta.

A hankali na san girman laifina. Agwagin teku ba mallakar kowa ba ne. Shekara duka suna can kan ruwa, ba a ciyar da su, ba a kama su. Amma da sanyi ya ja baya sai su hawo wurin mutanen da suka yarda da su. Ke ki shanya ciyawar teku ki shimfiɗa musu a 'yan gidajensu na katako da dutse, ki kore musu hankaki da gaggafa da tunku. Su kuma su tsige lallausan gashin ƙirjinsu su lulluɓe ƙwai, in sun ƙyanƙyashe sun tafi su bar miki shi ki yi bargo. Ba a buga ƙofa. Ba a hura wuta da safe, kada hayaƙi ya kore su. Gahawa mai sanyi da na sha a gidanki, in aka tara ta, ta isa ta ɗaga kwalekwale.

Kin sha gaya mini cewa gida tara ne a Tangholmen sa'ad da aka kawo ki amarya. Sai gwamnati ta fara ba da tallafi ga duk wanda zai bar ƙananan tsibirai ya koma inda akwai hanya da lantarki. Mutane suka kwance gidajensu katako-katako suka loda a jirgi. Duk tsibirin da mutane suka bari kuwa, kafin shekara uku agwagi ma sun bar shi, ba su sake waiwayarsa ba. Ma'aikacin da ya kawo miki takarda, shi ma don rashin sani a watan Mayu ya zo. Kika tare shi a bakin ruwa, kika sa ya kashe inji ya cire takalma, ya karanta miki takardar daga farko har ƙarshe cikin raɗa. Da ya gama kika nuna masa agwagi kika ce, "Na ji, samari. Je ka tambayi waɗancan, in sun sa hannu ni ma zan sa." Kullum kika kawo nan a labarin sai ki ce tun da aka kafa ƙasar nan ba a taɓa jin gwamnati ta yi magana a hankali irin na ranar ba. Daga baya kun yarda kuna cin sanyi a babban tsibiri, amma kafin bana ba a taɓa shiga watan Mayu ba kya Tangholmen ba.

Ni kuwa aikina duk shekarun nan ɗaukar kwandon ciyawa ina bin bayanki. Ba ki taɓa barina na sa hannu a sheƙa ba, ko sau ɗaya. Kuma da mun fara zagayen safe sai ki tsokane ni, murya ƙasa-ƙasa: "Ke 'yar tudu, wai da gaske ne a garinku sai mutum ya ɗaga kai sama yake sanin gari ya waye?" Ni kuma ba a taɓa ni in yi shiru. In ce jiragen da kakanninki suka je Lofoten kamun kifi da su, da katakon wa aka sassaƙa su in ba na dazukanmu ba? Ki ce katako ai itacen wuta ne har sai ya shiga ruwa. In ce akwai inda tsakanin teku da Suwidin bai fi kilomita shida da 'yan kai ba, saboda haka lardin nan duwatsu ne da ɗan ruwa a gefe. Ki ce a'a, ruwa ne da 'yan duwatsu don a sami wurin ɗaure jirgi, kuma lokacin da busasshen kifinku ke zuwa Bergen yana dawowa da hatsi, kwarinmu ko hanyar keken doki babu. Haka muke tafe daga gidan agwagwa na ɗaya har na ɗari da ashirin, kowace safiya. Na sha komawa ɗaki ina ce wa Eilert uwarsa ba ta ƙaunata.

Amma ban manta shekarar da uwata ta rasu cikin tsananin sanyi ba. Ke da ba ki taɓa kwana inda ba a jin ƙarar ruwa ba, kika hau jirgin fito, kika hau mota, kika iso Hattfjelldal da buhun kifi a kafaɗa. Kika tsaya a tsakar gidanmu kika dubi itatuwa kika ce, "Ta ina ake ganin hadari a nan?" Sannan kika shiga madafa, kwana takwas ba ki bar ni na taɓa tukunya ba. Da za ki tafi kika bar bargo a kan gadon ubana, na gashin sheƙa sittin, aikin hannunki na shekara guda, kika ce mantawa kika yi da shi. A cikinsa ya yi sauran kwanakinsa. Na san gidaje aƙalla bakwai a yankin nan da kika yi irin wannan mantuwar a cikinsu, kuma dukansu sun zo ranar Juma'a.

Bana ƙafafunki suka ƙi. Da watan Afrilu ya raba, na zo na zauna kusa da gadonki da saƙata, da niyyar ba inda za ni. Kika dube ni kika ce, "Me kike yi a nan? Mutuwa ba ta bukatar mai riƙe mata kwando. In na buɗe ido a watan Mayu na gan ki a kujerar nan, ban yafe ba." Eilert, da guiwoyinsa suka gaji, ya kai ni Tangholmen a jirgi ya ce, "In agwagin ba su karɓe ki ba, Solfrid, sai mu rufe gidan. Ba abin kunya ba ne, gida takwas sun riga mu." Ya faɗa ne don ya kwantar mini da hankali, amma ni abin da na ji shi ne: abin da gwamnati ta kasa, 'yar tudu mai kyanwa za ta ƙarasa.

Na yi duk abin da na ga kina yi. Na shimfiɗa ciyawa, na gyara rufi, na sha gahawata da sanyi. Na sa shuɗiyar rigarki har da hularki don su zaci ke ce, ina tafiya a kan yatsu, bakina gum. Kwana tara agwagi suna shawagi a bakin ruwa, su da torayensu, suna kallona ina kallonsu. Ita kuwa Matar Fasto, tsohuwar agwagwar nan da ta shekara goma sha bakwai tana kwanci a ƙarƙashin matakalar madafa, wadda kika sa wa wannan suna don sai ta shiga ta zauna sauran ke biyo baya, ko juyowa ba ta yi ba. Tsoro ya kama ni sosai, Magnhild. Ranar Lahadi na kira ki a waya ina kuka.

Kika ce, "Me kika sa a jikinki?" Na faɗa miki. Kika ce, "Cire mini rigata. Kin ɗauka su wawaye ne? To me kike ce musu?" Na ce ba na cewa komai, ai shiru ake yi. Dariya ta sarƙe ki har sai da mai jinya ta ba ki ruwa. Sannan kika ce, "Ƙofa aka hana bugawa, ba a hana magana ba. Shekara talatin da takwas ina tsokanarki a bakin gidajen nan, kin zaci labarin kwarinku nake marmari? Kakannin agwagin nan a cikin ƙwai suka fara jin mitarki. Je ki yi musu mita, 'yar tudu."

Na ajiye wayar na cire rigarki. Washegari na sa jar rigata ta kullum, na ɗauki kwando, na zagaya gida ɗari da ashirin ina gardama da ke ni kaɗai. In faɗi nawa in faɗi naki, kuma wallahi ko a haka ban ci nasara ba. Talata suka matso kan duwatsun bakin ruwa. Laraba biyu suka hawo suka leƙa suka koma. Alhamis da safe ina tsakiyar bayani a kan katako, sai ga Matar Fasto tana tafe tana rangaji, toronta na biye. Ta wuce ta gaban takalmina ba ta ko dube ni ba, ta shige ƙarƙashin matakala, ta juya sau biyu ta zauna.

Ƙarfe tara na kira. Eilert ya kara miki wayar a kunne, ya ce tun jiya ba ki yi magana ba. Na ce, "Magnhild, Matar Fasto ta shiga." Sai na ji muryarki can ƙasa: "To yanzu kuma rufe bakin, kada ki ishe ta." Wannan ce magana ta ƙarshe da kika yi mini, kuma ba zan musanya ta da wata ba. Eilert ya ce da murmushi kika koma barci.

Ga rahoton da kike jira. Zuwa safiyar yau sheƙa saba'in da huɗu sun cika, kuma suna ta hawowa. Matar Fasto na kan ƙwai biyar. Jiya na durƙusa na zura hannu a ƙarƙashinta, karo na farko a rayuwata. Ta cije ni kaɗan a yatsa, sannan ta ɗaga ƙirji ta bar ni. Ɗumin wurin ya sa na yi kukan da ban yi a coci ba. Ba za a rufe gidan ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijina Eilert da ƙanwarsa Borghild, waɗanda suka riƙe hannunki a madadina, da jikoki da tattaɓa-kunne, da dukan mutanen tsibiran nan da suka taɓa kwana a cikin bargonki. Allah ya ba mu haƙuri da juriya. Ina gode wa masu jinyar da suka jure tsokanarki har ƙarshe. Ragna, matar ɗana Sindre, ta ce mako mai zuwa za ta zo ta ɗaukar mini kwando. 'Yar babban birnin Oslo ce, Magnhild. Na riga na tanadi abin da zan fara ce mata.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki kurakuranki, ya saka miki da alherin da kika yi ta mantawa da shi a gidajen mutane. Ya karɓe ki kamar yadda kika karɓi duk mai rai da ya hawo daga ruwa yana neman wurin fakewa. Ya ba ki masauki mai kallon teku, kuma in namu lokacin ya zo, ya sada mu, don ba mu gama maganar katakon nan ba. Amin.