Ruwan Gishiri a Kasuwar Birni

A layin 'yan gwanjo ga wani dattijo tsugune, hula a karkace. Ina zaton masaƙi ne, yadda yatsunsa suka san zare. Na ƙirga kwarkwaron naɗe zaren fatsa uku gabansa, na ƙarfe, irin na kamun kifin teku. Kowanne sai ya tsoma a kwanon ruwan gishiri, ya murza, ya kasa kunne.

"Baba, ina teku a Zariya?" in ji mai kayan.

"Ɗana ya kira ni Ikko. An ce ruwansu cin ƙarfe yake yi. Ba zan ji kunya gaban jikokina ba."

Biyu na ƙara, na ukun na juyawa shiru. Ya goge shi da hannun riga, yana dariya.

"Ni dai ban taɓa ganin teku ba, amma wannan ya shirya."