Muryar David a kwamfutar kusa da taga

Kowa a kasuwar Bwari ya san Rosemary Yamusa mai doya, macen da ba a taya mata kaya da wasa. Boko bai ratsa ta ba, wayarta ma 'yar rakani-kashi ce, kira kawai take yi. Amma duk Asabar sai ta ɗaura zanenta na coci ta tafi wani ƙaramin laburare na jama'a, ta zauna gaban kwamfutar da ke kusa da taga.

Ɗanta David, direban tanka, shi ya buɗe mata shafi a wannan kwamfutar, ya bar shi a buɗe don kada lambar sirri ta wahalar da ita. Daga hanya yake turo mata saƙon murya da Gbagyi, yana tsokanarta wai doyarta ta fi man fetur tsada. Da tankarsa ta ƙone da shi a hanyar Lokoja, Rosemary ba ta fasa zuwa ba. Gawa ba ta samu ba, wannan muryar ce kaɗai ta rage mata. A ganinta tana ajiye cikin akwatin nan, kamar irin doya a rumbu.

Sai aka yi wa wani mai zuwa laburaren kutse, aka kafa doka: kowa ya tashi, a goge komai. Doka ce mai kyau, ba wanda zai ce a'a. Sai dai ba a tuna da Rosemary ba. Da ta zo ranar Asabar, ta tarar shafin David a rufe.

"Mama, muryar ba ta ɓata ba," in ji Nazeefa, ma'aikaciyar wurin. "Lambar sirri kawai za ki saka."

"Yaro ne ya sani. Ni ban sani shi ba."

Nazeefa ta nemi sabuwar lamba, aka tura lambar zuwa layin wayar David. Ashe kamfani ya riga ya sayar wa wani da layin. Suka kira, wani mutum ya ɗauka. Rosemary ta durƙusa a ƙasa, sai ka ce yana ganinta.

"Oga, don Allah, lamba ya shigo wayarka. Na ɗana ne, ya mutu. Karanta mini kawai."

"'Yan damfara! Ba ku gajiya? Jiya ma wani ya ce uwarsa ce ta mutu."

Ya kashe. Suka sake kira, ya toshe su.

Rosemary ta daɗe a durƙushe, hawaye na zuba. Can ta ɗago ta dubi Nazeefa.

"'Yata, yana da gaskiya. David ma ya ce kada in ba kowa lamba."