Daminar da Na Fara Tsoron Hadari

Goggona, ƙanwar mahaifina, ta zo mana Jimeta a shekarar da 'yan ta'adda suka shiga garinsu. Da zani ɗaya ta iso. Bayan ta huta, muka samo mata 'yar gona a bakin kogin Binuwai, tana noma shinkafa.

Damina uku ta girbe lafiya. A ta huɗu ruwa ya yi jinkiri har shuka ta bushe sau biyu, sannan ya sauko gaba ɗaya. Da hantsi na raka ta gonar, muka tarar kogi ya shanye ta, kan giginya kawai ake gani. Goggo ta daɗe a tsaye, sannan ta ce, "Ɗana, wancan karon na san inda zan gudu. Wannan fa?"

Tun daga ranar, da hadari ya haɗo sai gabana ya faɗi, ko a ofis nake. Kowace safiya ina tsayawa a kan gada ina duba inda ruwa ya kai, har abinci ya daina shiga.

Goggo ce ta lura. Ta ce in riƙa taya ta cika ledoji da ƙasa da yamma, don tana rainon dashen gwaiba a bayan gida. Tsoron bai tafi ba, har yau yana nan. Amma idan muna aikin numfashina yakan daidaita, mu yi ta hira har a kira magariba.