Dalma a Ƙasar Ciko

Farkon damina ne, a shekarar da kuɗi suka shigo gari. Wanda jiya yake kan keke yau ga shi a babur, motoci kuwa har cikin lungunanmu na Manawashi. Mu abin da ya iso gare mu daga wannan arziki ƙasar ciko ce. Tsakar gidanmu kwari ne, ruwa yana kwanciya, sai maigidan ya samo ƙasa kyauta daga bayan wani garejin masu gyaran batirin mota a Jekadafari. Da hannuna na baje ta, na yafa irin alayyahu a gefe guda.

Autata tana rarrafe a lokacin, ga ta da cin ƙasa. Surukata ta ce in ƙyale ta, babu ɗan da ya girma bai ci rabonsa na ƙasa ba. Na ƙyale. Kafin gero ya fid da kai yarinya ta ɗashe, ciki ya ƙi lafiya, "Inna" ɗin da ta fara faɗa ma ta daina. A ƙaramin asibiti aka ba mu maganin tsutsar ciki, bai yi komai ba.

Maƙwabciyarmu, wata 'yar Ibo mai ɗinki, ita ta gano. Ta shigo sayen alayyahu, ta duƙa ta tsinto wani ɓallen abu ruwan toka, ƙarami amma da nauyi. Ta ce wanta ma aikin batir yake yi, kuma ko kusa da inda yake narka wannan abin ba ya barin 'ya'yansa su je.

Na kai maganar ajinmu na yaƙi da jahilci. Mijin malamarmu malamin gona ne, ya zo da kansa. Ya tsuguna, ya murza ƙasar, ya ce dalma ce, kuma ba ta ruɓewa. Tsamin ruwan batir ne ke narkar da ita ta bi ruwa ta shiga saiwa. Kwashewa ta fi, amma ƙasar ta riga ta gauraya da ta gidan, sai dai a ɗaure dalmar inda take. Toka za ta kashe tsamin, ƙonannen ƙashi dakakke da takin shanu su riƙe ta, sannan a rufe da sabuwar ƙasa mai kauri. Ganyen wurin kuma kada a sake ci.

Na ce, "Malam, wadda ta riga ta shiga cikin yarinyar fa?"

Ya ce, "Uwargida, ni ƙasa na karanta. Ki kai ta babban asibiti, ki faɗa musu sunan abin."

Don kada bakina ya rikice gaban likita, na yago takarda daga littafin ajina na rubuta kalmar, harafi bayan harafi.

Da gari ya waye na goya yarinyar tun kafin ƙafarta ta taɓa ƙasa. Na kwashe tokar murhu na barbaɗa iya inda ta kai, na biya ta wurin mahauci na roƙe shi ya tara mini ƙashi, sannan na kama hanyar asibiti da takardar a ƙulle a bakin zanena.